Zuwa ga Ummi, daga Hanoi

Hanoi, Biyetnam
Litinin, 24 ga Nuwamba, 2025



Ummina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Ummanku da ƙannenki da Hajiya. Ni ma ina nan lafiya lau, alhamdu lillahi, sai kewarku da ba ta raguwa. Yau Litinin, ita ce ranar hutuna, shi ya sa na zauna na ɗauki biro. In na gama zan ɗauki hoton takardar in tura wa Ummanku. Waya ba ta ɗaukar doguwar magana: ko intanet ya tsinke, ko auta ya fizge ta don ya nuna mini gurbin haƙorinsa. Ga kuma awa shida da ke tsakaninmu. Lokacin da kike dawowa daga Islamiyya, a nan dare ya raba.

Magana biyu ce ta sa ni wannan rubutu. Ta farko tambayarki ce, wadda kika jefo mini ran nan ana dab da kashe waya: "Baba, tunda Turanci kake koyarwa, me ya hana ka koyar a nan? Ai mu ma muna buƙata." Ta biyu kuwa Ummanku ce ta tsegunta mini. Wai an naɗa ki mai rubuta sunayen masu yin Hausa a aji, ana cin su tara. Wai kuma da 'yar Goggonki ta zo daga ƙauye ta gwada karanta littafinki na Turanci, kin yi mata dariya har ta yi zuciya ta ƙi cin tuwo. Kada gabanki ya faɗi, ba faɗa zan yi ba. Kin girma yanzu, kin isa a zauna a yi zance da ke.

Tambayarki daidai take, amsarta ce ba ta da daɗin ji. Kin taso kin gan ni ina koyarwa a sakandare, ina son aikin, har gobe ina sonsa. Amma tun daga 2023, da aka cire tallafin man fetur naira kuma ta faɗi, albashina ya daina kai mu tsakiyar wata. Shinkafa, kuɗin haya, kuɗin makarantarku, maganin hawan jinin Hajiya, duk suka tashi lokaci guda. Ni da Ummanku muka yi lissafi, muka yi istihara, sannan muka kai wa Hajiya maganar. Ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce, "Je ka, Allah ya tsare. Amma kada ka bari yaran nan su manta muryarka." Abin da ke saura a hannuna a nan, bayan na cire haya da abinci, ya fi albashina na can nesa ba kusa ba. Dalilin ke nan, ba zan ƙawata miki shi ba. Ba don na fifita 'ya'yan wasu a kanku na taho ba.

Ba kuma tashi ake yi kawai a hau jirgi ba. Sai da na yi wani kwas na koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, ana ce masa CELTA, na Jami'ar Kambirij ta Ingila. Yana cin wajen awa 120, kuma dole ka koyar da ɗalibai na gaske, masu horar da kai na zaune a bayan aji suna rubuta duk motsinka. Bayan shi sai takardu: ta digiri, ta 'yan sanda mai shaidar ba ni da laifi, ta asibiti, kowacce hatimi a kan hatimi, kafin a ba ni izinin aiki. Akwai ƙasashen da ko da takardun ba za su kalle ni ba. Koriya ta Kudu, alal misali, bizar malamin Turanci ta keɓe ta galibi ga 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Najeriya ba ta ciki, duk da cewa da Turanci gwamnatinmu ke aiki. Biyetnam ta fi sassauci ta wannan fuska, in dai takardun mutum sun cika.

Hanoi birni ne na mutum sama da miliyan 8, kuma kusan kowane baligi da babur ɗinsa. Ki tambayi Ummanku yadda titunan Kano suke kafin a hana acaɓa a 2013, sannan ki ninka abin da ta faɗa miki. In za ka tsallaka titi ba ka jiran hanya ta buɗe, don ba za ta buɗe ba. Sa ƙafa za ka yi ka yi ta tafiya a hankali, ba gudu ba tsayawa, su da kansu za su kauce maka.

A wata cibiyar koyon harshe nake aiki, ba makarantar gwamnati ba. Yara sai sun tashi daga makarantunsu ake kawo mana su, don haka aikina yana farawa bayan la'asar ya kai ƙarfe tara na dare. Asabar da Lahadi kuwa tun safe ne har magariba. Da ƙarfe biyar za ki ga ƙofar cibiyar ta cika da iyaye a kan babura, kowa da takunkumi saboda hayaƙi, yaro a baya yana gutsurar burodi, jaka a goye. Wasu iyayen ba sa komawa gida, a kan 'yan kujerun roba suke zama a bakin titi har a tashi. Ba duka ne masu hali ba. Akwai mai gyaran babur, akwai mai sayar da romon taliya, suna matse bakin aljihu don yaro ya samu.

Za ki ce me ya yi zafi haka? Faransa ce ta mulke su, suka kore ta a 1954. Suka gwabza yaƙi da Amurka har 1975. A wancan zamani Rashanci ne harshen waje da ake yayi a nan arewacin ƙasar. Da suka buɗe kasuwarsu a 1986, suka kuma shirya da Amurka a 1995, sai kamfanonin duniya suka yi ta kwararowa. Ki duba kwalin wayar Ummanku, ba mamaki a nan aka haɗa ta, don Samsung na da manyan masana'antu a Bac Ninh da Thai Nguyen, ba nisa da inda nake. Ɗanyen kashun da ake fitarwa daga Najeriya, da yawansa a ƙasar nan ake fasa shi a gyara a sayar wa duniya. Irin wannan ciniki da Turanci ake ƙulla shi. Shi ya sa tun daga 2022 gwamnati ta wajabta koyon harshen waje daga aji uku na firamare, kuma Turanci kusan kowa ke ɗauka. Jami'o'i da yawa ma suna duba sakamakon jarrabawar IELTS wajen ɗaukar ɗalibai.

To, Ummi, ki kasa kunne, nan ne inda nake so mu zo. Duk wannan ƙishirwa da suke yi wa Turanci, ban ga wanda ke jin kunyar harshensa ba. Lissafi, kimiyya, tarihi, da harshensu ake koya musu, galibi har jami'a. Akwai ajin manya da nake ɗauka da dare. A cikinsu akwai wani dattijo, injiniyan wutar lantarki, kansa duk furfura, yana fama da darasin da kika wuce tun kina aji huɗu. In jimla ta karkace masa sai ya yi murmushi, ya gyara tabarau, ya sake ɗaukowa daga farko. Wata rana na ce kowa ya tashi ya bayyana mana aikinsa. Da aka zo kansa, Turanci ya ƙare masa a tsakiyar hanya. Sai ya zo ya karɓi abin rubutu daga hannuna, ya zana a allo yadda wuta ke barin tasha, ta bi manyan wayoyi, ta ratsa taransifoma a rage mata ƙarfi, sannan ta shigo gida. Yana nunawa da yatsa, ni ina ba shi kalma ɗaya ɗaya yana ɗorawa, har ya kai ƙarshe aka tafa masa. Ba wanda ya fita ajin nan yana ganin mutumin nan jahili ne. Abu guda ne bai iya ba, shi ya zo koya, ya kuma biya kuɗinsa.

Ina ganin abin da ya ba su wannan natsuwa shi ne sun san daga inda suka fito. A tsakiyar birnin nan akwai wani tsohon gini da aka kafa a 1070, aka buɗe babbar makaranta a cikinsa a 1076. A harabarsa akwai allunan dutse 82, kowanne a tsaye a kan bayan kunkuru na dutse, an sassaƙa sunayen waɗanda suka ci jarrabawar fada ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Hoton wurin yana jikin takardar kuɗinsu ta dong 100,000, kowa na yawo da shi a aljihu. Da can da haruffa irin na Sin suke rubutu, yanzu da haruffa irin na bokonmu, masu 'yan alamomi sama da ƙasa. Wanda ya san yana da wannan tarihi ba zai ɗauka ilimi ya fara ranar da Bature ya iso ba. Mu ma ba mu da dalilin ɗauka haka. Hasumiyar Gobarau na tsaye a Katsina tun kafin Turawa su san hanyar ƙasarmu. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye ƙauye suna karantar da mata, ta rasu a 1864 ba ta taɓa zama ajin Turanci ba.

A nan kuma, in kin bibiya, mahaifinki ne baƙauye. Harshensu yana da karin sauti shida, gaɓa ɗaya in ka ɗaga murya ko ka sauke ta sai ma'ana ta sauya. Kunnen Bahaushe ya saba da hawa da saukar murya, wannan ya sa na ɗan fi abokan aikina Turawa saurin kamawa, amma duk da haka bakina sai a hankali. Akwai wata tsohuwa mai sayar da kayan miya a bakin lungunmu. In na faɗi sunan abu na karkata shi, sai ta maimaita mini, tana ɗaga hannu tana saukewa don in ga yadda muryar ke tafiya. Ba ta miƙo mini kayan sai na faɗa daidai, in na faɗa kuwa sai ta ƙara mini gyaran barkono. Da ranar farko ta yi mini dariyar raini, da na koma babban kanti inda ake ɗauka a biya ba magana, da kuma har yau ban iya ko gaisuwa ba. Ki tuna da wannan in kin tuna 'yar Goggonki.

Ba zan ɓoye miki ba, raini ma akwai shi a nan, sai dai ta wata ƙofa yake shigowa. Tallan neman malamai da yawa za ka ga an ce sai wanda aka haifa da Turanci, wani lokaci kuma abin da ake nufi a fakaice shi ne farar fata. Irinsu sukan fi mu albashi ko da mun fi su takardu. Ban daɗe da fara aiki ba wata uwa ta je ofis ta ce a sauya wa ɗanta aji, ita Bature ta biya wa kuɗi. Mataimakiyata ce ta gaya mini, kanta a sunkuye. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na roƙi a bar matar ta zauna a bayan aji ta ga darasi da idonta, don gani ya kori ji. Ta zo ta zauna, hannu a harɗe, jaka a cinya, ba ta yi murmushi ba har aka tashi. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Yaron dai yana ajina har yau. Matar nan ta yanke mini hukunci kafin ta ji abin da ke kaina. Wanda ya yi wa mutum dariya saboda lafazinsa, hukuncin nan ya yanke shi ma.

Abin da ita ba ta sani ba, wanda ya koyi harshe da gumi ya fi sanin inda yake cizo. Yaran nan suna haɗiye ƙarshen kalma, musamman in baƙaƙe sun taru a wurin, saboda harshensu ba ya tara baƙaƙe a ƙarshe. Mu kuma p da f ne ke rikice mana, saboda a Hausa ba mu raba su ba. Kowace al'umma da inda harshenta ke turjewa, ba dolanci ba ne. Ga yadda za ki nuna wa 'yar'uwarki: wajen p, leɓe biyu ke haɗuwa su rufe ruf, sannan iska ta fashe waje. Wajen f kuwa haƙoran sama ke sauka a kan leɓen ƙasa, iska ta silale a hankali. Ku tsaya gaban madubin Ummanku ku yi tare, za ki ga cikin 'yan kwanaki ta kama.

Yanzu maganar rubuta suna. A ajina ma Turanci ake yi, don shi aka zo koya, amma ba tara, ba bulala. In yaro ya maƙale sai ya faɗa wa mataimakiyata da harshensu, mu ba shi Turancin, ya maimaita, a wuce. Akwai wata yarinya 'yar shekara takwas da aka kawo mini ba ta buɗe baki sam, ashe a wani wuri aka yi mata dariya. Ban matsa mata ba. Na sa ta cikin masu amsawa baki ɗaya, inda ba mai jin muryarta ita kaɗai. Daga nan sai su biyu da ƙawarta, daga nan sai ta fara ɗaga hannu. Yau sai na ce ta bar wa wasu su yi magana. Tsoro ba ya buɗe baki, Ummi. Gobe ki lura da ajinku da kanki: tun da aka fara cin tarar nan, Turanci ne ya ƙaru ko shiru? Ki duba kuma su wane ne sunansu ya fi fitowa a takardarki. Zan yi mamaki in ba 'ya'yan da ba su da mai yi musu Turanci a gida ba ne, waɗanda kuɗin tarar shi ne kuɗin ƙosansu na tara.

Ban ce ki yi wa malaminki tsaye ba. Malami uba ne, kuma na san niyyarsa alheri ce. Ya san da Turanci za ku rubuta WAEC da NECO da JAMB, ya san ba a shiga jami'a sai an ci shi. Ki same shi shi kaɗai, cikin ladabi, ki roƙe shi ya sauke miki wannan aiki. Ki ce a maimakonsa kina so ya ba ku izini ku riƙa zama rabin awa bayan an tashi, waɗanda suka ɗan iya su taimaki waɗanda ba su kai ba. In kina jin nauyi, Ummanku ta raka ki. In ya ƙi, kin dai fita haƙƙi, sai mu sake shawara.

Turancin kuwa ki riƙe shi da hannu biyu, don shi ke ciyar da gidanmu a yau, kuma zai buɗe miki ƙofofin da ni ban ma san da su ba. Kullum ki karanta shafi guda da ƙarfi, kunnenki ya ji bakinki. Ki ajiye ƙaramin littafi na sababbin kalmomi, amma kada ki rubuta kalma ita kaɗai, ki rubuta ta cikin jimlar da kika tsince ta. Kada kuma ki jira sai kin iya kafin ki yi magana, da koyo akan iya. Sannan ki buɗe akwatina na ƙarƙashin gado, akwai Magana Jari Ce na Abubakar Imam, duka uku. Ki riƙa karanta wa Hajiya labari guda bayan isha'i, tunda idonta ya yi rauni. Za ta gyara miki Hausar da ba ki san kina karyawa ba.

Alhamis da ta wuce, 20 ga Nuwamba, ita ce ranar malamai a ƙasar nan. Na dawo gida da furanni har na rasa inda zan sa su, sai a bokitin wanki. Abin da ya fi burge ni shi ne manyan mutane, masu 'ya'ya da jikoki, suna zuwa gaida malaman da suka koyar da su tun suna yara. A bikin sabuwar shekararsu ma rana ta farko ta dangin uba ce, ta biyu ta dangin uwa, ta uku ta malami. Don haka na ba ki saƙo: ranar Asabar ki je ki gaida malamar da ta fara ɗora miki alif da ba, ki ce ina gaishe ta. Ummanku za ta ba ki abin da za ki riƙa mata.

Ki gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta game da salla da abinci. Akwai masallaci guda a Hanoi, sunansa Al-Noor, a tsohuwar unguwar birni, fatake daga Indiya ne suka gina shi a ƙarshen ƙarni na 19. Ranar Juma'a yana cika da 'yan Indunusiya da Maleshiya da Fakistan da Larabawa da mu 'yan Afirka, a nan muke jin inda ake samun naman halal. Naman alade ya yi yawa a abincinsu, don haka ni nake girkina. Kifi da ganye da shinkafa suna da araha. Kuka da daddawar da ta ƙullo mini dai sun kusa ƙarewa, ina ta lallaɓa su.

Sabuwar shekararsu mai zuwa za ta faɗo 17 ga Fabrairu, dab da kamawar azumi. Hutun gajere ne, kuɗin jirgi kuma ba kaɗan ba, don haka azumin nan a nan zan yi shi. Amma in Allah ya yarda ina sa ran yin babbar Salla tare da ku a ƙarshen Mayu.

Ki kira 'yar Goggonki ki ba ta haƙuri da bakinki, kada ki aika. Ki taimaki Ummanku da aikin gida, ita ke ɗauke da nauyina da nata. Ki gaida Baffa da Goggo da mutanen gida baki ɗaya. Ki ce wa ƙaninki na ji labarin tagar maƙwabta da ƙwallo, muna da magana. Amsar wannan wasiƙa kuwa guda biyu nake so, ɗaya da Turanci ɗaya da Hausa, kuma kada ɗaya ta zama fassarar ɗaya.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki ilimi mai amfani, ya tsare mini ku duka. Amin.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Baba